Kokwamba a tsakar gida: iri mai aure ko maras aure?

Duk wanda ya shiga shagon masu sayar da iri a Sakkwato ya ce a ba shi irin kokwamba, tambaya ɗaya ce za ta tare shi: mai aure ko maras aure? Mai shago zai ɗauko leda biyu ya aza bisa teburi. Kowace da hoton kokwamba kore shar, miƙaƙƙiya, tana sheƙi. Ɗaya an rubuta F1 a jikinta, kuɗinta ya ninka na ɗayar, ga shi ƙwayar da ke cikinta ba ta kai ta mai arhar yawa ba. A nan mutum ke tsayawa yana sosa ƙeya.

Ni ma na sosa tawa. Ɗan filin da nake shuka a bayan tankin ruwa yake, a gidanmu da ke Arkilla, bai wuce taku shida a tsaye da taku biyu a kwance ba. Da na rasa na zaɓa sai na tafi wurin Kawu, wanda ya tsufa yana noman rani a fadamar Kwalkwalawa. Ko ɗaga kai bai yi daga fangalin da yake gyara ba, ya ce, "Ɗana, sayi mai aure. Wa ka ɓata ruwa nai ga tsohon iri?" Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar mai lambu ce, wanda ke son ya cika buhuna rana ɗaya ya kai Kasuwar Daji. Mai tsakar gida kuwa kokwamba biyu ko uku yake so kullum, a yanka a salak ko a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma yana son abin ya daɗe. Buƙatun nan biyu ba ɗaya ba ne, kuma sai da na shuka irin biyu a lokuta dabam-dabam na gane inda kowanne ke da ƙarfi.

Kalmar aure ɗin daga masara muka gaje ta. Kamfanin iri yakan ware layi biyu na kokwamba, uwa daban uba daban, ya haɗa su da gangan. 'Ya'yan farko na wannan haɗi su ne F1, wato mai aure: girmansu ɗaya, kamanninsu ɗaya, suna tashi da ƙarfi. Maras aure shi ne wanda ya zauna da halinsa, ƙudan zuma ke yi masa barbara tsakanin 'yan uwansa, ɗa ya fito kamar uwa. Fitattun marasa aure da ake samu a ƙasar nan su ne Marketmore 76 da Poinsett 76. Marketmore aikin Henry Munger ne na jami'ar Cornell a jihar New York ta Amurka, kuma 76 ɗin shekarar 1976 ce. Poinsett asalinsa daga South Carolina ne, yanki mai zafi da laima, abin da ya kamata ɗan Sakkwato ya riƙe a ransa. A ɓangaren masu aure za ka ji sunaye irin su Greengo da Monalisa na kamfanin East-West Seed, da Murano na Technisem, da Darina. Sunayen nan sukan zo su wuce, bana wannan ke tashe, baɗi wani.

Bambancin farko da ido ke gani shi ne saurin haihuwa. Mai aure, in yanayi ya yi masa daɗi, tsakanin kwana 35 zuwa 45 da shuka ka fara tsinka. Marketmore da Poinsett sai sun haura kwana 50, sau da yawa su kai 60. Wani zai ce mako biyu ai ba komai ba ne. A garin da ruwan famfo ke zuwa yau ya ɗauke gobe, mako biyu kuɗi ne. Gindin kokwamba da ya girma ya baza ganye yakan sha kamar lita uku a yini a wurina. Gindi goma lita 30 ke nan, sun fi jarka guda ta 'yan garuwa mai lita 25. A kwana 14 ka zuba lita 420, kusan jarka 17, ba ka ga ko ɗa guda ba. Mai rijiyar burtsatse a gida ba zai ji wannan ba. Wanda ke tsayar da kurar ruwa a ƙofar gida kullum, shi ne zai gane abin da Kawu ke nufi.

Amma sauri na da nasa sharri, kuma ni ya fara kamawa. Shekarar farko na shuka mai aure gindi 24 rana ɗaya, ina ganin na yi dabara. Da suka fara zubo 'ya'ya, duk bayan kwana biyu sai an cika baho. Muka ci, muka kai wa maƙwabta, muka aika gidan surukai, har yara suka fara ɓata fuska in sun ga an ɗauko wuƙa. Bayan mako uku ganye ya fara rawaya, 'ya'yan suka ƙanƙance, abin ya ƙare kamar an yi ruwa an ɗauke. Da yawa cikin masu aure haka aka ƙera su: furen mace ya fi yawa, su haihu a tare, mai lambu ya kwashe ya sake shuka. Ita kuma kokwamba ba kuɓewa ba ce da za a yanka a shanya, ba tumatir ba ce balle a yi kauɗa. Kusan kashi 95 cikin 100 nata ruwa ne. A zafinmu kwana biyu uku ta yi laushi, a firij ma da ƙyar ta wuce mako, in sanyin ya yi yawa sai ta yi taɓo-taɓo kamar an dafa, wutar kuma ba kullum ba.

Maras aure ba ya wannan ambaliya. Yau biyu, jibi uku, a hankali, kuma yakan ja lokaci fiye da ɗan uwansa in ana tsinka a kai a kai. Wannan ya fi dacewa da tukunyar gida. Sai dai akwai hanyar da za ka sa mai aure ya yi hakan: kada ka shuka shi gaba ɗaya. Gindi huɗu ko biyar yau, wasu huɗu bayan mako biyu ko uku, haka har lokacin ya wuce. Aikin ya ƙaru, kuma dole ka tanadi wuri da za ka riƙa juyawa, amma matsalar tulin da ba a iya cinyewa ta kau.

Abin da ya fi sunan da ke jikin leda nauyi shi ne watan da ka saka irin a ƙasa. Kokwamba na son ɗumi amma ba ta son wuta. Tsakanin digiri 20 zuwa 30 take walawa. Ƙasa da 15 sai ta tsaya cik, sama da 35 ta fara wahala. Sakkwato kuwa tana taɓa duka ɓangarorin biyu a shekara ɗaya: daren Disamba da Janairu kan sauko zuwa digiri 15 ko ƙasa, ranar Afrilu kan haura 40.

Lokacin da na fi jin daɗinsa shi ne daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Oktoba. Ruwan sama ya ja baya, cututtukan laima sun ragu, ƙasa na da ɗumi, iri ya tsiro cikin kwana uku zuwa biyar. Oktoba na da nata zafin, amma kafin shukar ta yi fure an shiga Nuwamba, dare ya fara sanyi. Sanyin dare kuwa na ƙara yawan furen mace, wanda shi ke zama ɗa. A wannan tsakani Marketmore kan yi abin kirki har ka rasa dalilin da zai sa ka biya kuɗin mai aure. In da sau ɗaya kawai zan shuka a shekara, a nan zan shuka, kuma maras aure zan saka.

Hunturu wani labari ne. Irin da aka saka tsakiyar Disamba yakan yi mako guda, wani lokaci kwana goma, kafin ya leƙo. Ya fito ma sai ya zauna da ganye biyu kamar mai tunanin komawa. Ƙura ta lulluɓe ganye, busasshiyar iska ta tsotse ruwa, ga wata farar fumfuna da ke hawa ganye kamar an barbaɗa gari. Duk kwanakin da aka rubuta a leda, ƙara musu goma ko fiye. Da can ba na damuwa da shukar hunturu, amma yanzu azumi ya tilasta. A 2025 an ɗauki azumi 1 ga Maris, kuma kowace shekara yana ja baya da kwana 10 ko 11. Ke nan a 'yan shekarun nan cikin Fabrairu yake kamawa, daga nan ya gangara Janairu. Mai son ranar da Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata ya kasance yana da kokwambarsa ta buɗa-baki a bayan ɗaki, cikin sanyi zai shuka. A nan mai aure ya yi wa maras aure fintinkau, domin ƙarfin tashinsa na taimaka masa ya ratsa sanyin, kuma kwanakin da ya rage maka su ne za su sa ka cimma watan. A nemi jikin bangon da ke tare iskar arewa maso gabas, inda rana ke bugawa, a riƙa ban ruwa da hantsi ba da almuru ba.

Shukar Fabrairu tsere ce da bazara. Mai aure da ka saka farkon watan zai ba ka 'ya'ya tsakiyar Maris, ka ci rabonka kafin gari ya ɗauki wuta. Maras aure da aka saka rana ɗaya da shi, daidai lokacin da zafi ya kankama zai shiga ganiyar fure. Zafi mai tsanani na sa kokwamba ta yi ta fidda furen namiji. Za ka ga rumfa ta yi rawaya gwanin sha'awa, ƙudan zuma na ta kai-komo, ka duba babu ɗa. 'Yan kaɗan da suka kama su fito a lanƙwashe, kai babba gindi siriri, ga ɗaci. Shukar ƙarshen Maris da Afrilu kuwa, ba mai aure ba maras aure, ban ga wanda zan ba shawara ba, sai ga mai inuwar raga da ruwa ba adadi. Ko shi ɗin wahalarsa ta fi ribarsa. Wanda ya matsu a wannan lokaci gara ya koma ga gurji. Shi dangin su kankana mai zaƙi ne da ake kira shammam, ba kokwamba ba ne na haƙiƙa, ya fi jure zafi, kuma da yaji ko garin ƙuli ba ya jin kunyar kowa. Mun raina shi ne don na gida ne.

Damina ruwa kyauta ne, amma ita ke zuwa da cuta. Ruwan Sakkwato bai da yawa, milimita 600 zuwa 700 a shekara, sai dai mafi yawansa a Yuli da Agusta yake sauka. Laimar Agusta na kawo ciwon da ke fara wa da ɗigo-ɗigon rawaya masu kusurwa a saman ganye, ƙasan ganyen ya yi toka-toka, cikin 'yan kwanaki ganye ya ƙone kamar an babbake. Ga ƙudan da ke sokar ɗan yana ƙarami ya saka ƙwai, ka yanka ka tarar da tsutsa. Ga jajayen ƙwari masu huda ganye. Dabarar ita ce ka shuka da zarar ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, ka kwashi abin da za ka kwasa kafin Agusta ta yi nisa. Sauri ya sake ba mai aure galaba. In maras aure za ka saka, Poinsett zan ce, tunda don ƙasa mai zafi da laima aka fidda shi. Kada dai rubutun "mai jure cuta" a leda ya ruɗe ka. Juriya ba rigakafi ba ce, tana jinkirta ciwon ne kawai, kuma cututtukan kan sauya hali da shekaru.

Batun kuɗi na da wani lungu da mai shago ba zai nuna maka ba. Giram ɗaya na irin kokwamba ƙwaya 35 zuwa 40 ne. Leda mai giram 10 ta haura ƙwaya 350. Tsakar gida ko an yi shuka uku a shekara da wuya ta ci ƙwaya 50. Saboda haka tsadar mai aure tsadar leda ce, ba ta gindi ba. In gida huɗu ko biyar suka haɗa kuɗi suka raba leda ɗaya, abin da kowa zai fitar bai taka kara ya karya ba. Haka muke yi da maƙwabtana yanzu. Sayen babbar leda kai kaɗai da niyyar ajiya kuwa asara ce, domin irin da zai yi shekaru a wuri mai sanyi, zafin ɗakunanmu na kashe shi da wuri. Ragowar da ta rage a zuba a kwalba mai murfi, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da madafi.

A kula da irin da ake ƙullawa a farar leda a ce maka F1 ne. Ƙwayar mai aure da ta maras aure kamarsu ɗaya, ba mai iya rarrabewa da ido. Na taɓa sayen irin wannan ƙulli a hannun wani mai tebur saboda arha, na saka ƙwaya 20, uku suka fito. Araha ba ta ado. Nemi leda rufaffiya ta kamfani, ka duba kwanan watan da ke jikinta. Wasu na ɗauke da tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, mai lambar da ake kankarewa a tura saƙo don tantancewa. Kafin ka ɓata taki da ruwa, naɗe ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tsumma ka ajiye wuri mai ɗumi. In bayan kwana biyar bakwai ko takwas ba su fasa ba, irin ya gaji. Launin ja ko kore da ke jikin ƙwayar maganin fumfuna ne, guba ne, a nisanta shi da yara da kaji, a wanke hannu.

Babban abin alfaharin maras aure shi ne ba ka sake saye. Gaskiya ne, amma ba kyauta ba ne kamar yadda ake faɗa. Kokwambar da muke ci ɗanya ce, irin cikinta bai ƙosa ba. Sai ka bar ɗa a jikin uwa ya ƙoshi, ya yi rawaya, ɓawonsa ya yi tauri. Ita kuwa uwar da zarar ta ji tana renon ɗa mai iri sai ta rage haihuwa. Don haka gindi ɗaya ko biyu za ka sadaukar, mafi lafiya ba mafi lalaci ba, kuma ka jira har wajen ƙarshen lokaci. In ya nuna sai a tsaga, a kwarfe irin da ruwansa a kofi, a bar shi kwana ɗaya ko biyu ya yi tsami don yauƙin ya saki, a wanke. Mai kyau zai nutse, fanko ya taso. A shanya a inuwa, ba a rana ba. Ɗa guda zai ba ka abin da ya fi ƙarfin shukar shekara.

Akwai sharaɗi ɗaya. Ƙudan zuma bai san leda ba. In kana da Marketmore kusa da wani mai aure suna fure lokaci ɗaya, ko maƙwabcinka na da wata kokwamba bayan katanga, irin da za ka ajiye gauraye ne. Kankana da kabewa da gurji kuwa ba sa haɗuwa da kokwamba, zancen cewa su ke sa ta ɗaci ba shi da tushe. Irin da aka cire daga mai aure zai tsiro, ba wai ba zai tsiro ba, amma jikokin sai su watse: wani dogo, wani gajere, wani mai yawan haihuwa, wani ganye zalla. Mai fili zai iya wasa da wannan. Mai taku shida ba shi da wurin caca.

Wajen ci da sha, mai aure kamar ingarman doki ne, in ba ka iya ciyar da shi ba kada ka ɗaure shi. Ƙasar yawancin gidajenmu rairayi ce gauraye da ɓaraguzan gini, ruwa na ratsa ta kamar rariya. Kowane iri za ka saka, sai ka cakuɗa ta da ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu mai yawa. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake. Bayan mako biyu da tsiro nakan ba kowane gindi murfin kwalba ɗaya na takin zamani na kamfa, tazarar tafin hannu daga jikinsa, in rufe da ƙasa, in sake in fure ya fara. Mai aure in ya samu wannan sai ya biya ka ninki. In bai samu ba, da shi da mai arha duk ɗaya, ka yi asarar kuɗin auren. Kada kuma wani ya ce maka maras aure na jure ƙishi. Saiwar kokwamba a sama-sama take, kowace iri ce. Ka yi tafiyar kwana uku a Maris ba wanda ya ba ta ruwa, gawa za ka tarar. Bambancin kawai wanda ya yi asarar mai arha ya fi saurin haƙura.

Wanda gidansa siminti ne ko'ina, buhu zai yi amfani da shi: buhun shinkafa a naɗe bakinsa, a huda ƙasansa, gindi ɗaya a kowanne. Buhu na ɗaukar zafi, yana bushewa da wuri, da bazara sai an ba shi ruwa safe da yamma. Tunda wurin ƙididdigagge ne, buhu biyar ko shida, kowanne ya kamata ya haifi iya abin da zai iya, ni a buhu mai aure nake sakawa. A ƙasa ko a buhu, a yi mata abin hawa. Gora biyu da igiyoyi, ko tsohuwar waya a jikin katanga, sun isa. Kokwambar da ta hau tana miƙewa, ba ta kwanciya cikin taɓo, iska na ratsa ganyenta, kuma kana ganin ɗan da ya isa tsinka kafin ya ɓuya ya tsufa. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa don riƙe laima, ana lura da gara.

Shukar kanta ba wuya. Kokwamba ba ta son dashe, a saka ta inda za ta zauna, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, tazarar kamu guda tsakanin gindi da gindi in za ta hau rumfa. A nan mai arha ke da wata fa'ida da ba a rubuta a leda ba. Shi ƙwaya uku kake jefawa a rami, ka cire raunana daga baya. Mai tsada ɗaya-ɗaya ake sakawa, kuma ƙadangarun Sakkwato ba su san tsada ba. Safiya ɗaya suka datse mini tsiro shida. Tun daga ranar tsohon gidan sauro nake kifawa har sai ganye na huɗu ya fito.

Barbara ma abin lura ce a cikin gari, inda ƙudan zuma ba su da yawa kamar a fadama. Furen namiji siririn wuya gare shi, na mace kuwa da 'yar ƙaramar kokwamba a bayansa. In kana ganin ƙananan na rawaya suna faɗuwa, galibi ba a kai musu garin fure ba ne. Da sassafe ka tsinki namiji, ka cire rawayan ganyensa, ka goga a tsakiyar macen. Wasu masu auren furen namijinsu kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa nake saka gindi ɗaya ko biyu na maras aure a gefe, kwana goma kafin su, don a samu mazan. Feshi kuma, ko na ruwan ganyen dogon yaro ne saboda darɓa da farin ƙuda, da yamma ake yi, bayan ƙudan zuma sun tashi aiki.

Wani iri da za a guje wa shi ne na gidan leda, wanda ke haihuwa ba tare da barbara ba, ana sayar da shi da ƙidayar ƙwaya. Yana da kyau, ɓawonsa siriri, amma don rufaffen wuri aka yi shi. A fili ƙura da rana na wahalar da shi, in ƙudan zuma suka taɓa shi ma sai ɗan ya kumbura ya ɓaci.

A baki fa? Marketmore ɓawonsa da ɗan kauri da 'yan ƙayoyi, uwargida takan fere shi kafin ta yanka, amma cikinsa ƙaras-ƙaras, yana riƙe jikinsa a salak. Wasu masu auren sun fi santsi da laushin ɓawo, yara na ci haka nan. Ban yarda cewa tsohon iri ya fi daɗi don kawai tsoho ne ba. Na ɗanɗana mai daɗi da mai ɗaci a kowane ɓangare, kuma duk lokacin da na bi sawun ɗacin, ƙishi na tarar ko zafi. Sinadarin da ke kawo shi a wajen gindin ɗan, inda ya maƙale da uwar, yake taruwa da ƙarƙashin ɓawo, shi ya sa iyayenmu mata ke yanke wurin su goga har ya yi kumfa. Ruwa a kan kari, da tsinka tun tana kore mai tsawon tafin hannu da 'yan yatsu, sun fi gugar magani. A yanke da wuƙa da safe, kada a fizga, duk bayan kwana biyu.

To wa zai ɗauki wanne? Wanda bai taɓa shukawa ba, ya fara da Marketmore ko Poinsett a watan Oktoba, a ƙasa, ya yi kurakuransa da iri mai arha. Mai ruwa a gida da ke son ɗan abin yanka kullum na tsawon lokaci, kuma yana sha'awar ajiye irinsa, shi ma nan ne wurinsa. Mai sayen ruwa, mai shuka a buhu, mai son cimma azumi, mai tsere da zafin Afrilu ko laimar Agusta, ya nemi abokan haɗa kuɗi su sayi mai aure, ya riƙa sakawa kaɗan-kaɗan. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ni bana Marketmore gindi takwas na saka a makon farko na Oktoba, daga irin da na ajiye bara. Ledar mai auren da muka raba mu biyar na cikin kwalba, ƙwaya 12 nawa na jiran Disamba, a jikin bangon arewa. Da na kai wa Kawu guda huɗu daga cikin na Oktoban, ya juya ɗaya a hannu, ya gatsa, ya tauna, sannan ya ce, "Ba laifi. Buhu nawa ka samu?"